Ranar da Totur Ya Ƙi Dawowa

Mai karatu, in kana cikin waɗanda sukan ɗebi iyali a mota su tafi gida hutun ƙarshen shekara, wataƙila ka san hanyar nan. Ka baro Kano ka kama hanyar Zariya, ka wuce Kura, ka wuce kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, sa'an nan ka karya hagu ka bi ta Bagauda, inda tsohon otal na bakin tafki ya zama makarantar horar da lauyoyi. Daga nan sai Tudun Wada, sai dajin Falgore, sai ƙasar Doguwa mai duwatsu, har ka faɗa Saminaka ka hau tudun Jos. A kan wannan hanya ce na ga abin da nake so in ba ka labarinsa. Zai iya samun kowane mai tsohuwar mota, ga shi kuwa yawancinmu tsofaffin motoci muke hawa.

Ina saurayi a lokacin. Kawuna yana da wata farar Peugeot 504, irin waɗanda aka haɗa a Kaduna, ta kusa shekara 20 a duniya amma yana ji da ita kamar amarya. Saura kwana uku Kirsimeti muka tashi mu shida. Inna da yara uku suna baya, ni ina gaba kusa da shi, an cika but da shinkafa da albasa da galan na man gyaɗa. Hunturu ya sauka sosai, hazo ya rufe gonaki.

Mun wuce Bagauda da ɗan nisa sai muka tarar da wata babbar mota ɗauke da rake tana tafiyar hawainiya. Kawu ya leƙa, ya ga ba kowa a gaba, ya taka totur har ƙasa, muka wuce ta. Ya koma hannunsa, ya ɗaga ƙafa. Motar ba ta san ya ɗaga ba. Ƙarar inji ta ci gaba da hawa, allurar gudu ta haura 110 tana neman 120. Na dubi ƙafarsa ta dama, na ga ba ta kan kome. Can gabanmu kuwa ga wani ƙauye a bakin titi, ga 'yan talla, ga awaki, ga mai amalanken shanu yana shirin tsallakawa.

Abin da Kawu ya yi bai ɗauke shi lokacin da za ka karanta wannan sakin layi ba. Ya zura yatsun ƙafarsa ƙarƙashin totur ya ɗaga sau ɗaya. Abin ya taso sakwaf, ba nauyi, injin kuwa bai sauko ba. Bai sake gwadawa ba. Ya taka kuloci har ƙasa. Nan take injin ya yi wata irin kururuwa wadda ban taɓa jin irinta ba, yara suka fashe da kuka, Inna ta ɗora hannu a ka tana kiran sunan Yesu. Kawu ya danne birki da ƙarfi bai ɗaga ba, ya murɗa makulli baya taki ɗaya. Sai shiru. Motar ta gangara gefen titi ta tsaya, tsakaninmu da shanun nan bai fi taki 30 ba.

Da hankali ya komo, ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka ga abin da na yi?"

Na ce, "Na gani, Kawu. Amma na ɗauka injin zai fashe."

Ya ce, "Ya fashe mana. Ana sayar da inji a Ƙofar Ruwa. Su waɗannan fa," ya nuna baya da babban yatsa, "a wace kasuwa ake sayar da su?"

Ƙafa tana buɗewa, sifirin yake rufewa

Direbobi da yawa sun shekara goma suna tuƙi ba su taɓa tambaya ba, me yake faruwa sa'ad da suka taka totur. A tsohuwar motar fetur abin ba wuya gare shi. Akwai wata wayar ƙarfe, irin ta birkin keke amma ta fi ta kauri, wadda aka zura cikin bututun roba. Kanta ɗaya yana ɗaure a matakin totur, ɗayan kuwa ya ratsa bangon da yake tsakaninka da inji ya tafi kafireto. A maƙogwaron kafireto akwai wani ɗan faifan ƙarfe wanda yake juyawa a kan ƙusa. In faifan nan ya kwanta ya toshe maƙogwaro, iska kaɗan ce take wucewa, inji yana sulo. In ka taka totur, waya ta ja, faifai ya miƙe, iska ta shiga da yawa ta kwashi fetur, inji ya tashi.

To, ga wurin da ya kamata ka lura. Ƙafarka buɗewa kaɗai take iya yi. Waya tana ja ne, ba ta turawa. Abin da yake mayar da faifan ya rufe wani ɗan sifirin ne wanda tsawonsa bai fi yatsa ba. Ashe ran mutum shida a cikin mota yana rataye a kan wannan ɗan abu da kuma santsin wayar nan a cikin bututunta.

Haka aka ƙera Peugeot 404 da 504 waɗanda suka cika hanyoyinmu bayan an buɗe ma'aikatar Kaduna a 1975, haka ma Volkswagen mai siffar kunkuru wadda aka soma haɗawa a Legas a wannan shekara. Ita wannan da yake injinta yana baya, wayarta doguwa ce, tana bin ƙarƙashin mota tun daga gaba har ƙarshe. Kada mai Golf 3, ko Carina, ko Corolla ta shekarun 1990 ya ce ai tasa ba ta da kafireto, injekta ce. Faifan yana nan, wayar tana nan, sifirin yana nan. Sai motocin da suka biyo baya ne aka cire wayar ƙarfe, ƙafa tana aika saƙo ta lantarki, kwamfutar mota tana buɗe faifai.

A ranar nan wani bakanike daga ƙauyen ya zo a kan keke da jakar kayan aikinsa. Da aka buɗe bonet bai yi minti biyu ba ya ce, "Baba, zo ka gani." Wayar totur ta tsufa, silinta sun tsinke ɗaya bayan ɗaya sun baje kamar bakin tsintsiya. Da Kawu ya taka har ƙasa, sai wurin da ya bajen ya fito waje daga bututu, da zai koma kuwa ya sarƙe a bakin. Ko da haka, da sifirin mai ƙarfi wataƙila da ya fizge ta. Amma ba sifirin a wurin. Abin da muka gani shi ne wani yankin robar tayar keke, ya bushe ya tsattsage saboda zafin inji da hunturu.

Bakaniken ya ce, "Baba, wa ya ɗaura maka wannan?"

Kawu ya yi shiru, sa'an nan ya faɗi gaskiya. Tun da damina sifirin ya karye a cikin gari, wani ya ɗaura masa roba, wai kafin gobe a samo sabo. Gobe ta zama wata biyar. Ya kuma yarda cewa kusan mako uku yana jin totur ya yi tauri, in ya ɗaga ƙafa inji yakan ɗan jima kafin ya sauko. Ya ce a ransa sai bayan biki.

Ban faɗi wannan domin in kunyata dattijon da ya ceci ranmu ba. Na faɗa ne gama ban san mai tsohuwar mota ko ɗaya ba wanda ba shi da irin wannan robar a wani lungu na motarsa.

Abubuwan da sukan riƙe totur

Ban da tsinkewar waya da karyewar sifirin, babban abokin gābanmu a nan arewa shi ne ƙura. Ƙurar hunturu takan haɗu da baƙin mai da tsohon giris ta zama kamar ƙullun kuka, ta daskare a kan ƙusar faifai da cikin bututun waya. Wanda yake yawan bin hanyoyin ƙasa na ƙauyukan Kiru da Bebeji, ko masu shiga gonakin rani na wajen Tiga, ya fi kowa bukatar dubawa. Akwai kuma gyaran gangar auzinawa: an canja waya an sa wadda ba ta motar ba, ko an lanƙwasa ta ainun, ko an bi da ita kusa da bututun hayaƙi zafi ya narkar da robar. Wani lokaci ma tsumma ne ko sifana aka manta a kan inji ya faɗa tsakanin ƙarafa.

Akwai wani dalili wanda ba kowa yake tunaninsa ba, wato robobin da inji yake zaune a kansu. In ɗaya ta yanke, sa'ad da ka ba mota wuta sai inji ya ɗaga gefe ɗaya, ya ja abin da yake haɗa shi da totur, ya ƙara wa kansa wuta. Wannan ba tatsuniya ba ce. A ƙarshen 1971 kamfanin General Motors na Amurka ya kira motocin Chevrolet fiye da miliyan 6 a komo da su gyara saboda wannan matsala. In kana jin wani "gaf" daga wajen inji duk sa'ad da ka tashi mota ko ka canja giya, ka sa a duba robobin nan.

Amma fa sau da yawa laifin ba ya cikin bonet, yana ƙarƙashin ƙafarka. Muna son shimfiɗa a mota. Ga kafet na asali, an ɗora na roba a kai, an kuma ɗora wani yankin darduma domin kada a ɓata na roban. Ba ko ɗaya da aka ɗaure. Kullum ƙafa tana tura su gaba kaɗan kaɗan, har ran da bakin na sama zai hau kan totur ya danne shi. Haka ma gorar ruwa da ta gangaro daga ƙarƙashin kujera, ko silifa da ya zame daga ƙafa.

Kada ka rena wannan. A watan Agusta na 2009, kusa da birnin San Diyego na Amurka, wani ɗan sandan babbar hanya yana tuƙa wata Lexus wadda aka ba shi aro a wurin da ya kai tasa gyara. An shimfiɗa mata kafet ɗin roba na wata mota dabam, ya fi wurin tsawo, ya kama totur. Motar ta haura kilomita 160 a sa'a kafin ta yi karo. Shi da matarsa da 'yarsu da ɗan'uwan matar duk suka rasu. Mutum ne fa wanda tuƙi yake cikin aikinsa na kullum. Bayan wannan kamfanin Toyota ya kira motoci wajen miliyan 3.8 saboda kafet, a Janairu 2010 kuma ya kira wasu miliyan 2.3 saboda matakin totur mai maƙalewa. Irin waɗannan Camry da Corolla na shekarun nan su ne suka tsufa a can aka kawo mana su, muna saye a matsayin 'yan Kwatano. Mai irinsu ya durƙusa ya dubi kafet ɗinsa, ko yana da ƙugiyar da take riƙe shi.

In abin ya same ka a kan hanya

Motar da take gudun kilomita 100 a sa'a tana cin mita 28 a kowace daƙiƙa. Wanda ya sunkuya domin ya ciro totur da hannu, ko da daƙiƙa uku kaɗai ya yi, ya tafi fiye da mita 80 ido a rufe. Saboda haka kanka ba ya sauka ƙasa da sitiyari, ko mene ne ya faru. In gaba a buɗe take, kana iya gwada ɗaga totur da yatsun ƙafa sau ɗaya, kamar yadda Kawu ya yi. In bai yi ba, ka bar shi. Kada ka yi ta bubbuga shi da ƙafa kana fata zai saki, gama sau da yawa ƙara nutsewa yake yi.

Maganar gaba ɗaya ita ce ka raba inji da tayoyi. Inji yana iya haukansa, muddin ba shi da hanyar kai haukan nan ga taya, ba zai kai ka ko'ina ba. A mota mai kuloci, ka taka kuloci har ƙasa, ka mayar da giya firi. A mota otomatik, ka tura sandar giya daga D zuwa N. A yawancin motoci takan tafi N ba sai ka danna maɓallin da yake jikin sandar ba, kuma gara kada ka danna shi, domin shi ne yake hana ta zarcewa zuwa ribas.

A nan ne mutane suke faɗuwa. Da zarar ka raba su, inji zai yi ƙara mai ban tsoro, jikinka kuwa zai ce maka ka saki kuloci kada ka lalata mota. Mutumin da ya yi shekara biyar yana tara kuɗin motar nan, wanda ita ce jarinsa, ita ce abincin gidansa, hannunsa ba ya so ya yi abin da zai fasa inji. Na gane wannan sarai. Amma ka yanke shawara tun yau, kana zaune a gida, cewa in ranar ta zo inji ne zai tafi. Motoci masu injekta ma yawancinsu suna da abin da yake yanke mai in juyin inji ya kai iyaka, ƙara kawai za ka sha. Masu kafireto ne ba su da wannan kariya, su ne ake hanzarta kashewa.

Sai birki. Ka taka shi da ƙarfi, ka riƙe, kada ka yi ta famfo. Ga dalili. In ka buɗe bonet za ka ga wata baƙar tukunya a manne da bango, daidai bayan matakin birki. Ita ce take ƙara wa ƙafarka ƙarfi, tana kuwa aiki ne da zuƙar iskar da inji yake yi sa'ad da faifan totur yake rufe. In faifai ya buɗe gaba ɗaya, zuƙar nan takan ragu ƙwarai, sai ɗan abin da tukunyar ta adana, wanda bai wuce taki biyu ko uku ba. Wanda ya yi ta takawa yana saki ya zubar da ajiyarsa, sai ya ji birki ya zama dutse. Ko a lokacin birki bai mutu ba, ƙarfin ƙafa yake nema, ka tsaya a kansa da dukan nauyinka, da ƙafa biyu in motar otomatik ce. Wanda kuma ya ɗan ɗora ƙafa a kan birki yana lallashi, inji yana ja, ya fi kowa shiga hatsari. Birkin zai yi zafi har ya yi hayaƙi, sa'an nan ya daina kamawa ɗungum. A gangaren duwatsun da suke kudu da Doguwa wannan ba ya ɗaukar dogon lokaci.

Birkin hannu mataimaki ne kawai, tayoyin baya yake kamawa. In za ka ja shi, ka ja sannu sannu, yatsanka yana kan maɓallinsa. Wanda ya fizge shi a guje, bayan mota zai juyo gaba.

Game da makulli akwai magana biyu. Ta fari, taki ɗaya ake mayar da shi, wato inda inji zai mutu amma rediyo yana iya kamawa. Kada ka kai shi ƙarshe, kada kuwa ka zare shi. Motoci suna da ƙarfen da yake kulle sitiyari saboda ɓarayi. A waɗansu sai an zare makulli yake faɗawa, a waɗansu kuwa da zarar makulli ya kai ƙarshe. Mota a guje da sitiyari a kulle, ba sai na faɗa maka ƙarshenta ba. Ta biyu, in motarka tana da sitiyari mai taushi irin wanda inji yake taimaka wa, to, da mutuwar inji zai yi nauyi kamar na tarakta. Saboda haka in kana cikin kwana, ko kana bukatar kauce wa wani abu, ka bar inji ya yi ta ihunsa har ka daidaita ka rage gudu. Kawu ya kashe tasa tana tafiya domin hanyar a miƙe take, motarsa kuma ba ta da wannan sitiyari. In ka kashe, kada ka sake kunnawa kana tafiya. Ɗanyen fetur ya riga ya taru a salansa, yana iya tashi da ƙara kamar bindiga ya fasa ta.

Motocin da ake tayarwa da maɓalli ba makulli, dannawa ɗaya ba ta kashe su in suna gudu. A motar nan ta San Diyego sai an danne maɓallin an riƙe har daƙiƙa uku. Wanda ya ari motar wani, ko ya sayi irin wannan, ya tambaya tun kafin ya fita.

Akwai wata gaskiya mai ɗaci da ya kamata in ƙara. Ba duk wanda ya rantse totur ya maƙale masa ne ya maƙale ɗin ba. A shekarun 1980 an yi ta ƙarar motocin Audi a Amurka cewa suna zabura da kansu. Hukumar kiyaye hanyoyi ta ƙasar ta bincika, a 1989 ta ce yawancin abin da ya faru shi ne direba ya taka totur yana tsammani birki ne. Yakan faru ga sabon direba, da wanda ya saba da mai kuloci ya koma otomatik, da kuma tsoho, musamman wajen fitowa daga gida ko shiga harabar majami'a inda yara suke wasa. In ka taka abin da kake ce birki ne, mota kuwa ta ƙara zabura, ɗaga ƙafar gaba ɗaya ka sake ajiye ta. Tura giya zuwa N yana maganin wannan ma.

Motar gas, wato mai shan dizal, tana da nata ciwon dabam. In inji ya tsufa yakan soma zuƙar baƙin mansa yana ƙonawa, ya yi ta gudu da hayaƙi mai yawa ko an kashe makulli. Irin wannan sai an sa babbar giya, an danne birki, an saki kuloci domin a shaƙe shi, ko kuwa a toshe masa hanyar iska da katako ko wani abu mai tauri. Ba a sa tafin hannu.

Uwargida ma ta sani

Na lura a gidajenmu maganar mota ta maigida ce shi kaɗai. Amma wanda yake zaune a kujerar gaba yana da aiki a irin wannan rana. In direba ya ruɗe ya sandare, kalma ɗaya ce za ta taimake shi, a faɗe ta da ƙarfi: "Kuloci!" ko "Firi!" Salati da kururuwa da kama masa hannu ba sa ƙara masa kome sai ruɗewa. A mota otomatik, na kusa da direba yana iya tura sandar giya zuwa N da kansa. Abin da ba zai taɓa yi ba shi ne kama sitiyari, ko zare makulli, ko fizgar birkin hannu. Kada kuma kowa ya buɗe ƙofa ya yi tsalle.

Ina ba da shawara maigida ya ɗauki uwargida da manyan yara waɗanda suka isa tuƙi, su tafi wani fili da ba kowa, kamar filin ƙwallon makaranta ranar Asabar. A tsaye, a gwada murɗa makulli a ga inda sitiyari yake kullewa. Sa'an nan a tafi a hankali, a gwada mayar da giya firi, a kashe inji, a ji yadda birki da sitiyari suke canjawa. Wanda ƙafarsa ta taɓa jin taurin nan sau ɗaya a fili ba zai ce birki ya tsinke ba ran da ya ji shi a kan titi.

Dubawar gida kuwa ba ta cin minti biyar, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. Inji a kashe, wani ya zauna ya taka totur har ƙasa a hankali ya saki, kai kana tsaye a gaban bonet kana kallo. Ya kamata ka ji ya koma da 'yar ƙara, "ƙyas", ba ya tafi yana jan ƙafa ba. Ka bi wayar da ido, musamman bakinta biyu. In ka ga ko sili ɗaya ya tashi, wayar ta gama aiki, ba a gyara ta, canjawa ake yi. Ka dubi sifirin, ko ya yi tsatsa, ko ƙugiyarsa ta cinye ramin da take ciki. Masu tsofaffin motoci da yawa sukan sa a ƙara na biyu, domin in ɗaya ya karye ɗaya ya riƙe, ni ma haka na yi wa tawa. A wanke maƙogwaron kafireto da ƙusar faifai kafin hunturu da bayansa. Kafet ɗaya ya isa a wajen direba, a kuma ɗaure shi.

In kuwa abin ya riga ya faru ka samu ka tsaya lafiya, ka fitar da iyali su koma nesa da kwalta, ka kafa alamar nan mai kusurwa uku wadda jami'an kiyaye haɗura suke tambaya, can baya inda mai zuwa zai hango ta da wuri. In ka sa ganye, ka kwashe shi kafin ka tafi. Kada ka tayar da mota sai ka ga dalilin da idonka. Ya saki da kansa ba dalili ba ne, gama abin da ya saki da kansa zai kama da kansa. Mai nufin Jos kuwa ya tuna cewa in ya bar Tudun Wada ya shiga Falgore, zai yi tafiya mai nisa ba gareji ba mai sayar da kayan mota, ba kuwa wurin da mutum zai so dare ya same shi da iyali ba ne. In totur ya nuna wata alama tun daga Bagauda, a Tudun Wada ake tsayawa.

Mu ma can muka nufa a ranar. Bakaniken ya yanke silin da suka baje, ya ciro wani tsohon sifirin daga jakarsa ya sa, ya ce, "Baba, wannan zai kai ku Tudun Wada kaɗai, kada ka wuce 40, kada kuma ka taka har ƙasa." Kawu ya ce, "Na ji, Malam. Allah ya yi maka albarka." A Tudun Wada muka yi sa'a biyu kafin a samo wayar 504 a wani ɗan shago a bayan tasha, kuɗinta bai kai na man da muka sha daga Kano ba. Da aka gama rana ta yi sanyi, Inna ta ce ita ba za ta shiga daji da yara a wannan lokaci ba, sai muka kwana a gidan wani abokin Kawu, muka kama hanya da asuba. Tsohuwar wayar da guntun robar nan Kawu bai yar da su ba. Ya rataye su a ƙusa a zaurensa, kusa da inda yake ajiye makullin mota.